Bororo a ƙafa: yadda mai gudun nesa da mai doguwar tafiya za su kare kansu



Duk wanda ya fito bayan sallar Asuba a garin Tahoua, ya bi hanyar Agadez ko ta Ƙonni, zai gamu da samari suna gudu. Wasu ƴan ƙwallo ne, wasu ƴan kokowa masu neman numfashi, da yawa kuma suna shirin jarrabawar shiga soja, jandarma, gardi ko ƴan sanda, inda gudu ke cikin abubuwan da ake gwada mutum da su. Sau da yawa yaro yakan yi watanni yana wannan shiri, ƙirjinsa ya buɗe, ƙafarsa ta yi ƙarfi, amma ana saura kwana uku sai bororo ya fito masa a diddige, ya fashe, ya zama miki. Ranar gwaji ya zo yana ɗingishi, shekara ta wuce shi. Raina kama ka ga gayya ke nan.

Ba masu gudu kaɗai abin ya shafa ba. Makiyayi da ke kora dabbobi arewa zuwa Azawak da damina, da mai takawa daga ƙauyukan Barmou, Affala, Kalfou ko Takanamat zuwa kasuwa, da ƴan makaranta masu tafiyar kilomitoci kullum, da maniyyata aikin hajji, duk ƙafa ce jarinsu. Mun tattara wannan bayani ne don a ajiye, a riƙa komawa gare shi, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Mene ne bororo, kuma yaya yake fitowa?

Bororo shi ne ƙullin ruwan nan da ke tasowa ƙarƙashin fatar sama. Akwai na ƙuna, akwai na wasu cututtuka, amma wanda muke magana a kai shi ne na gogayya, irin wanda ke fito wa manomi a tafin hannu a farkon damina saboda ƙotar hauya.

Ga yadda abin yake. Duk takun da mutum ya yi, ƙashin ƙafarsa yana ɗan motsawa gaba da baya a ciki. Idan fatar waje ta manne da safa ko takalmi, to ƙashi ya tafi, fata ta tsaya, sai sassan fatar da ke tsakani su riƙa jan juna. Sau ɗaya ko sau goma ba komi. Amma mai tafiyar kilomita 10 yana yin taku wajen dubu 13. A hankali sai cikin fatar ya tsage, a samu ɗan fili, ruwan jiki ya taru ya cika shi cikin awa ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa wani lokaci sai mutum ya isa gida ya huta sannan ya ga abin ya kumbura.

Abubuwan da ke gaggauta shi sanannu ne. Na farko damshi: fatar da ta ɗan jiƙe da zufa ta fi busasshiya kama safa, kuma ta fi saurin yagewa. Na biyu zafi, don shi ke kawo zufar. Na uku matsi ko sakwarkwacewar takalmi. Na huɗu kaya: wanda ya ɗauki buhu ko jarkar ruwa, kowane taku nasa ya fi nauyi. Na biyar rashin sabo, wato mutum ya tashi rana ɗaya ya yi nisan da ƙafarsa ba ta taɓa yi ba.

Wuraren da ya fi fitowa su ne bayan diddige, da tudun tafin ƙafa ƙarƙashin babban yatsa, da gefen ƙaramin yatsa, da kan yatsu, da tsakaninsu. Masu silifa kuwa, tsakanin babban yatsa da mai bi masa, inda igiyar roba ke ci.

Ƙasar Adar tana da nata sharaɗi

Shawarar da ake ba mai gudu a Turai ba duka ta dace da mu ba, don ƙasarmu daban ce. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, kwalta da rairayi kuma sun fi haka nesa. Takalmin roba ko na leda yakan zama kamar tukunya, ƙafa tana dahuwa a ciki.

Sai rairayi. A arewacin Tahoua, ƙasa mai laushi tana shiga takalmi ta ƴan ramukan sama, ta haɗu da zufa, ta koma tana cin fata kamar dutsen kaushi. Ƙwayar tsakuwa ɗaya tak ta isa ta yi aikin. A kan fako da duwatsun wajen Keita da Bouza kuma, hawa da gangara ne matsalar: a hawa diddige ke gogawa, a gangara yatsu ke dukan gaban takalmi, har farce ya yi baƙi.

Bayan damina ga ƙarangiya, wadda ke manne wa safa ta bi ta shiga ciki, ga tsidau da ƙayar aduwa masu huda siririn takalmi. Da damina, tsallaka korama yana jiƙa ƙafa, fata ta yi laushi ta yi fari. Da hunturu kuma fata ta bushe, faso ya tsaga diddige, mutum ya riƙa karkata taku don guje wa zafi, sai bororo ya fito a wani gefen da bai saba ɗaukar nauyi ba.

Takalmi: nan ne rabin maganar

A ranar 10 ga Satumban 1960, a birnin Rum na Italiya, wani sojan Habasha mai suna Abebe Bikila ya ci tseren marato na wasannin Olamfik, kilomita 42 da mita 195, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, kuma ba takalmi a ƙafarsa. Sabon takalmin da ya samu a can bai zauna masa daidai ba, ya fara yi masa bororo, sai ya ajiye shi ya koma yadda ya saba. Bayan shekara huɗu, a Tokyo, ya sake cin tseren, wannan karon da takalmin da ya dace da shi. Kada wani ya ji wannan ya ce zai fita ba takalmi. A hanyar Rum babu ƙarangiya, kuma da yamma aka yi gudun. Darasin shi ne, sabon takalmi ranar gwaji abokin gaba ne, ko ga gwanin duniya.

Wajen saye, a kiyaye waɗannan:

A gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, domin haka za ta kumbura a cikin gudu. A gwada shi da irin safar da za a yi gudun da ita, a ƙafa biyu, a tsaye. Yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya, to babbar ake bi.

A bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da ƙarshen takalmi. Yatsu su iya motsi. Diddige kuwa ya zauna daram, kada ya riƙa fita yana komawa.

Mafi yawanmu takalmin bosho muke saye, kuma ba laifi, akwai masu kyau a ciki. Sai dai a sa hannu ciki a shafa ko'ina: in an ji ɗinki mai kauri, ko wurin da yadin diddige ya ɓare, ko shimfiɗar ciki ta lotsa da siffar ƙafar mai shi na farko, a nemi wani, ko a kai wa mai gyaran takalmi ya sa sabuwar shimfiɗa. A wanke shi, a shanya a rana kafin a fara sawa.

Sabon takalmi sai an horar da shi. A fara da yawo cikin gari na kwana biyu ko uku, sannan gajeren gudu, a riƙa ƙarawa har sati biyu zuwa uku. Takalmin soja mai tauri yana buƙatar fiye da haka. Haka ma sabon takalmin fata na dukawa: a shafa wa igiyoyinsa mai su yi laushi kafin a yi nisa da shi.

Ɗaurin igiya ma yana da muhimmanci. Yawancin takalman gudu suna da wani ramin ƙari a can sama wanda mutane ba sa amfani da shi. A zura kowace igiya a ramin gefenta ta yi ɗan zobe, a ratsa ta cikin zoben ɗaya gefen, a ja, sannan a ɗaure. Wannan yana riƙe diddige, ya hana ƙafa zamewa gaba a gangara.

Ƴan uwa na ci-rani, ga taku. Kuna ƙoƙari wajen aiko wa ƙanne da iyaye takalma, Allah ya saka da alheri. Amma lambar takalmi tana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma lissafin Turai daban da na Amurka. Kafin ku saya, ku sa a taka farar takarda da yamma, a zana ƙafar, a auna tsawonta da faɗinta da santimita, a turo muku ta WhatsApp. Ku ƙara santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan tsawon. Kuma ku haɗa da safa mai kyau ƙafa uku ko huɗu, don ta fi wuyar samu a ƙauye. Wanda aka aiko wa takalmin da ya matse shi kuma, kada kunya ta sa ya cuci ƙafarsa. Ya ba wanda ya yi wa daidai.

Safa

Da yawa suna zura takalmi haka nan ba safa, wai don zafi. Wannan kuskure ne. Safa ce ke karɓar gogayyar da fata za ta sha.

Amma safa suna suka tara. Ta auduga zalla tana shan zufa ta riƙe, ta yi nauyi, ta naɗe a ƙarƙashin ƙafa. Wani bincike da aka yi kan masu gudun nesa a Amurka a 1990 ya nuna cewa safar zaren roba, irin wanda ake kira akirilik, ta fi ta auduga rage yawan bororo da girmansa. Saboda haka a duba rubutun da ke jikin safa, a zaɓi ta zaren roba ko wadda aka gauraya da ulu. Kada ta yi yawa har ta tattare, kada ta zama mai huji ko faci. In ɗinkin bakin yatsu yana da kauri, a juya ta a sa ta bai-bai.

Akwai dabarar da sojoji suka daɗe suna yi: safa biyu. Siririya mai santsi a ciki, mai ɗan kauri a waje, sai gogayyar ta koma tsakanin safa da safa. Sharaɗin shi ne takalmin ya kasance da filin ɗaukarsu, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba.

Game da rairayi, akwai abin koyi daga tseren hamadar Maroko da ake kira Marathon des Sables, wanda aka fara a 1986, inda ake yin wajen kilomita 250 cikin kimanin mako guda. Masu wannan tsere suna rufe takalminsu da wata riga ta yadi da ke kamawa daga idon sawu zuwa gefen takalmi, don kada ƙasa ta shiga. Tela na unguwa zai iya ɗinka irinta da yadi mara nauyi da roba. Ko kuma a yanke ƙafar tsohuwar doguwar safa, a zura wuyanta a sauko da shi ya rufe bakin takalmi. Yana rage ƙasa, yana tare ƙarangiya.

Shirya fatar kanta

Fata tana koyo kamar yadda ƙirji ke koyo. In ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan kowane mako, sai ta yi ƙarfi ta saba. Wanda ke da gwaji ko doguwar tafiya a gaba, ya fara shiri tun saura wata biyu, da takalmin da zai yi amfani da shi, a irin ƙasar da zai taka, da irin kayan da zai ɗauka. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Akwai masu cewa kanta ita ce maganin bororo. Ƴar kaɗan tana taimakawa, amma kanta mai kauri da tauri takan motsa gaba ɗaya kamar faifai, sai bororo ya fito a ƙarƙashinta, can ciki, inda ya fi zafi kuma ya fi wuyar magani. A riƙa jiƙa ƙafa a goge ta da dutsen kaushi a hankali. Kada a yanke da reza. Da dare, bayan an wanke ƙafa, a shafa man kaɗe ko basilin a diddige don hana faso, amma ban da tsakanin yatsu.

A yanke farce a miƙe, kada a bi gefe a shiga nama, kuma a yi shi kwana biyu ko uku kafin tafiya. Masu ƙaiƙayi da farin ɓawo tsakanin yatsu su nemi magani tun da wuri, don fatar da ta riga ta ruɓe ba ta jure komi. Mu da ke alwala sau biyar a yini, mu riƙa bari ƙafa ta bushe sosai, har tsakanin yatsu, kafin mu mayar da safa.

Iyayenmu suna ƙunsa lalle ko su jiƙa ƙafa a ruwan bagaruwa don fata ta yi tauri, kuma kowa ya san aikin bagaruwa a wurin majema. Wanda ya saba yi a kan lafiyayyar fata, ba a hana shi ba, amma kada ya dogara da shi ya bar gyaran takalmi da safa. Kada a sa a kan miki, kuma a guji baƙin lallen kanti mai sinadari, wanda shi kansa yana tayar wa wasu da bororo.

Shafa mai kafin gudu fa? Basilin yana rage gogayya da farko, amma bayan awa ɗaya ko fiye sai amfaninsa ya gushe, fata ta yi laushi, kuma a ƙasarmu yana kama rairayi. Ya dace da gajeren gudu, ko tsakanin cinyoyi. Hoda tana busar da ƙafa na ɗan lokaci, amma in zufa ta yi yawa sai ta dunƙule. Maganin hana zufa kuma an gwada shi a makarantar hafsoshin sojan Amurka ta West Point, a binciken da aka buga a 1998: cikin waɗanda suka shafa shi aƙalla dare uku kafin tafiyar kilomita 21, kashi 21 cikin 100 ne suka yi bororo, alhali a ɗaya rukunin kashi 48 ne. Sai dai fiye da rabin masu shafawar sun yi fama da ƙaiƙayi ko jan fata. Don haka mai yawan zufa ya tambayi malamin asibiti kafin ya gwada.

Filasta tun kafin a tashi

Abu mafi araha da aka tabbatar da amfaninsa shi ne filasta ta takarda, wadda a farmasi ake kira sparadrap, siririyar nan mai saurin yagewa da ake riƙe kompres da ita. A 2016 likitocin jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Dokta Grant Lipman, sun buga sakamakon gwajin da suka yi kan mutum 128 masu tseren kilomita 250 a hamada da wasu wurare masu wuya. Sun gano cewa manna wannan filasta a wuraren da mutum ya saba yin bororo ya rage fitowarsa da kimanin kashi 40 cikin 100.

Yadda ake yi: a wanke ƙafa, ta bushe ƙarau, ba mai ba hoda. A yanki filasta ta ɗan fi wurin faɗi, a zagaye kusurwoyinta da almakashi don kada su ɗago. A manna shimfiɗa ɗaya sumul, ba tattara, a murza da hannu ta kama. In yatsa ne, kada a zagaye shi da ƙarfi har jini ya tsaya. A sa safa a hankali. In ta ɓare a hanya, a tsaya a sake. Kuma a gwada wannan tun lokacin horo, kada ranar gwaji ta zama ranar farko.

A kan hanya: ƙafa tana yin gargaɗi

Wannan shi ne abin da muke so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran. Bororo ba ya zuwa ba sallama. Kafin ya fito, mutum zai ji wani wuri ya ɗau ɗumi, yana ɗan raɗaɗi, in an duba a ga ya yi ja ko ya yi sheƙi. A wannan lokacin fatar ba ta gama tsagewa ba. Wanda ya tsaya nan take, ya cire takalmi, ya kakkaɓe ƙasa, ya goge ƙafa, ya manna filasta ko ya canza safa, minti biyar kawai ya rasa. Wanda ya ce "ba komi, ƙahwa na sabawa", ko ya ji kunyar abokan tafiya, shi ne zai yi sati yana jinya.

A doguwar tafiya, duk inda aka yada zango a cire takalmi da safa, a ɗora ƙafa bisa kaya ta sha iska. A canza safa in ta jiƙe, a rataya ta farko a jikin jaka ta bushe. In an zo korama, gara a tsallaka da silifa, a busar da ƙafa sannan a mayar da takalmi. A zaɓi lokacin sanyi, bayan Asuba ko bayan La'asar sakaliya, a kuma sha ruwa isasshe.

Idan ya riga ya fito

Ƙaramin bororo da ba ya hana taku, a bar shi. Fatar da ta rufe shi ta fi kowane bandeji tsabta. A wanke, a yanka kompres ko yadi mai tsabta kamar gammo, da rami a tsakiya, a ɗora yadda takalmi ba zai danne shi ba, a riƙe da filasta. Yawanci cikin mako guda ruwan zai koma, sabuwar fata ta fito.

Babba mai zafi, wanda ko an bar shi zai fashe da kansa cikin takalmi, ya fi kyau a kai shi CSI ko ɗakin shan magani na ƙauye a tsiyaye shi. In ana daji ba yadda za a yi, a wanke hannu da ƙafa da sabuni, a shafa Bétadine, a ɗauki sabuwar allurar asibiti da ba a taɓa buɗewa ba, a huda gefe ta ƙasa wuri biyu, a matsa a hankali ruwan ya fita. Kada a ɓare fatar sama. A sake shafa magani, a rufe, a riƙa canzawa kullum. Wanda ya cika da jini, kada a huda shi a gida.

In ya fashe da kansa, a wanke da ruwa mai tsabta da sabuni, a mayar da fatar in tana da tsabta, a rufe. A huta da gudu har wurin ya daina zafi.

Abubuwan da ba a yi: huda shi da ƙaya, ko tsinke, ko reza da aka yi aski da ita, zura zare a bar shi ciki, zuba toka, ƙasa, baƙin mai, ruwan batir, man goge baki ko kashin shanu. Ƙasa da kashin dabbobi nan ne mazaunin ƙwayar cutar tetanos, mai sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi, kuma tana kisa. Wanda ya yi miki a ƙafa, ya kuma daɗe bai yi allurar rigakafinta ba, ya faɗa wa malaman asibiti.

Alamun da ke cewa a tafi asibiti yau

Zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa. Wurin ya kumbura, ya yi ɗumi, kumburin yana yaɗuwa. Mugunya ko wari. Wani layi yana hawa daga mikin zuwa ƙwauri. Ƙaluluwa a matsematsi. Zazzaɓi ko rawar sanyi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, kada a jira ranar kasuwa, kada kuma a tsaya sayen ƙwayoyi wurin masu talla. A je CSI mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura asibitin gunduma ko babbar asibitin jiha da ke Tahoua.

Masu ciwon sukari: ku maganarku daban ce

Ciwon sukari yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa a hankali, yana kuma rage gudun jini. Mai shi zai iya yini da tsakuwa a takalmi bai sani ba, gargaɗin nan na ɗumi da raɗaɗi ba zai zo masa ba. Ƙaramin bororo ya zama gyambo, gyambo ya kai ƙashi, har a kai ga yanke yatsa ko ƙafa. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙafafu da ƙaramin miki suka fara. Haka ma wanda ya taɓa yin kuturta, ko duk wanda ƙafarsa ke dindiris.

Irin waɗannan mutane su duba ƙafarsu kowane dare, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, da madubi ko da idon wani na gida. Kada su taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida. Su kakkaɓe takalmi su sa hannu ciki kafin su zura ƙafa, wanda dama al'ada ce mai kyau ga kowa saboda kunama. Kada su huda bororo, kada su yanke kanta, kada su gasa ƙafa a wuta da hunturu. Ko ƙanƙane ne, asibiti a ranar. Ƴaƴa da ke nesa, in kun kira gida kuna tambayar Baba ko Inna maganin sukari, ku tambayi lafiyar ƙafa ma.

Maniyyata aikin hajji

Hajji ibada ce ta ƙafa. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, da zuwa jifa daga Mina, da tafiya tsakanin masauki da Harami. Maza cikin harami ba sa sa safa, sai buɗaɗɗen takalmi, saboda haka a sayi mai laushi mai igiyar diddige tun a gida, a yi ta yawo da shi wata guda kafin tashi. A fara tafiyar ƙafa kullum tun daga lokacin. A riƙe ƴar jaka ta saka takalmi in za a shiga masallaci, domin alhazai da yawa sun ƙone tafin ƙafa a kan kwalta mai zafi bayan takalminsu ya ɓace a ƙofa. Wanda nasa ya ɓace, ya tsaya a inuwa ya aika a sayo masa wani.

Guzurin ƙafa

Duk mai shirin nisa ya ƙulla waɗannan a ƴar leda: filasta ta takarda, kompres, ƙaramar kwalbar Bétadine, sabuwar allura cikin ledarta, ɗan almakashi, guntun sabuni, da safa ta canji ƙafa biyu. Ba su da nauyi, kuma kuɗinsu bai kai na jinyar miki ɗaya ba. Masu horar da samari da malaman wasanni na makarantu, ku riƙa duba ƙafafun yaranku bayan gudu, ku kuma nuna musu cewa tsayawa gyara takalmi ba ragwanci ba ne.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana ta hanyoyin da aka saba, za mu miƙa wa malaman kiwon lafiya su amsa a shirinmu na lafiya. Samarinmu masu shirin gwaji, Allah ya ba da sa'a. Matafiya, Allah ya kai ku lafiya ya maido ku lafiya.